Duniyar da ba ta jiran kowa: me ke nutsar da mutum cikin wasannin intanet?

A watan Satumba na 2005 annoba ta ɓarke a wata ƙasa da ba ta cikin taswirar kowa. Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya buɗe wani sabon kango mai suna Zul'Gurub a cikin wasansa na World of Warcraft, ya girke wani dodo da ake kira Hakkar a can ƙuryarsa. Dodon kan harba wa masu yaƙarsa wata cuta mai zuƙe jini, mai tsallakawa daga wanda ya kamu zuwa duk wanda ke tsaye kusa da shi. Nufin masu shirya wasan shi ne cutar ta ƙare a cikin kangon. Sai dai sun sha'afa da dabbobin da maharba ke yawo da su. Maharbi zai sallami dabbarsa tana ɗauke da cutar, ya koma birni, ya sake kiranta a tsakiyar kasuwa. Kafin a farga, titunan Ironforge da Orgrimmar sun cika da ƙasusuwan matattu.

Abin da mutane suka yi a waɗannan kwanaki shi ya ja hankalin masana. Masu baiwar warkarwa sun tsaya a cikin birni suna jinyar waɗanda ba su taɓa sani ba, har su ma suka kamu. Wasu sun tattara ya-nasu-ya-nasu sun shige daji. Wasu sun tsaya a bakin gari suna gargaɗin baƙi kada su shiga. Akwai 'yan ganin ƙwaƙwaf da suka zo kallo suka kwashi cutar suka kai wani gari, akwai kuma mugaye masu yaɗa ta da gangan. Kamfanin ya roƙi waɗanda suka kamu su killace kansu, ba a saurare shi ba. A 2007 Eric Lofgren da Nina Fefferman suka wallafa maƙala a mujallar likitoci ta The Lancet Infectious Diseases, suna nuna cewa masu nazarin annoba na da abin koyo a nan, domin sun ga halin ɗan Adam irin wanda lissafin kwamfuta ba ya iya hasashe.

Mutuwa a wannan wasa ba ta da wata tsada. Ka mutu, ka tashi kana fatalwa a maƙabarta, ka ruga inda gawarka take, ka ci gaba da harkarka. To me ya sa mutane suka ji tsoro na gaske, suka yi jinƙai na gaske, suka yi mugunta ta gaske? Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan nau'in wasa, wato wasan da dubban mutane ke shiga duniya guda ta intanet, kowa ya ƙirƙiri jarumin da zai wakilce shi, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ya rene shi wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kyan zane: hoto ya yi kama da zahiri, ruwa na ƙyalli, ciyawa na kaɗawa. Tarihin wasannin bai goyi bayan wannan amsa ba. Kakansu duka, wanda ake kira MUD, Roy Trubshaw ne ya fara shi a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle ya haɗa hannu da shi ya faɗaɗa shi. Ba shi da hoto ko ɗaya. Kwamfuta za ta rubuto maka cewa kana tsaye a wata hanya, akwai gida a gabanka, kai kuma ka rubuta inda za ka nufa. A haka ɗalibai suka riƙa raba dare a kansa. Sannan a 2013 kamfanin Jagex ya tono wani tsohon kwafin wasansa na RuneScape da aka adana tun watan Agusta na 2007, ya sake shi da sunan Old School RuneScape, da mutanensa masu kusurwa-kusurwa kamar an sassaƙa su da gatari, kuma jama'a suka yi masa ca. Blizzard ma a 2019 ya dawo da World of Warcraft na farko, mai wahala da jan ƙafa, aka yi ta dogon layi kafin a samu shiga.

Ban ce zane da sauti ba su da amfani ba. Kiɗan da ke tashi idan ka shiga ƙofar birni, da canjin haske tsakanin hantsi da magariba, da ƙarar takunka da ke sauyawa daga kan dutse zuwa kan yashi, duk suna shimfiɗa wa zuciya wurin zama. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne jarumin ya motsa daidai lokacin da yatsanka ya motsa. Duk wanda ya taɓa buga wasa ta intanet daga Kano ko Maraɗi ya san wannan ciwo: manyan kwamfutocin da ke ɗauke da waɗannan duniyoyi galibi suna Turai, Amurka da Asiya, saƙo sai ya je can ya dawo, ga sabis mai hawa da sauka. Ka danna, jarumi ya yi jim kafin ya ɗaga takobi, nan take ka tuna cewa waya ce a hannunka. Amma waɗannan duk sharuɗɗan shiga ne. Suna iya hana mutum nutsewa idan babu su, ba su isa su riƙe shi shekara biyar ba.

A ganina abin da ke riƙe shi shi ne duniyar ta kasance tana da nauyi. Farkon nauyin kuwa shi ne ba ta jiranka. Wasan da kake bugawa kai kaɗai, idan ka kashe shi komai ya tsaya cik sai ka dawo. A nan kuwa kana barci farashin ƙarfe na faɗuwa a kasuwa, ƙungiyarku ta kai farmaki ba kai, wani ya sayi filin da kake hari. Zuciya na gane bambanci tsakanin wurin da aka gina dominka da wurin da kawai ka tarar da shi yana gudana, kuma na biyun ne take yarda da shi.

Daga nan sai nisa. A wasan EverQuest na farko, wanda ya fito a 1999, idan za ka ƙetare teku zuwa wata nahiya, sai ka je bakin gaɓa ka jira jirgin ruwa, ka hau, ka zauna ana tafiya. Mutane sun yi ta ƙorafi a kan wannan ɓata lokaci, kuma suna da gaskiya. Amma a bakin gaɓar ne aka riƙa hira, tsohon hannu na gaya wa sabo inda ɓarayi ke tare hanya, a nan aka ƙulla abotar da ta wuce wasan kansa. Wurin da ka taka da ƙafarka, ka ɓata a cikinsa, ka gane cewa bayan wancan tudu akwai rijiya, shi ke zama wuri a cikin kanka. A watan Disamba na 2009 World of Warcraft ya kawo wata dabara: ka danna maɓalli, kwamfuta ta haɗa ka da mutum huɗu da ba ka sani ba, ta ɗauke ku ta jefa cikin kogon dodanni, ku gama kowa ya kama gabansa, sau da yawa ba tare da an ce wa juna uffan ba. Sauƙi ne babba ga mai aiki da iyali, wanda sa'a ɗaya kawai yake da ita da dare. Amma da yawa cikin 'yan wasan sun wayi gari sun shiga kogo sau barkatai ba su san a wane gefen ƙasar ƙofarsa take ba.

Nauyin da ya fi kowanne saurin kama zuciya shi ne asara. A EverQuest na farko idan ka mutu kana rasa wani kaso na ci gaban da ka tara, har kana iya komawa matakin baya, kuma kayanka duka suna nan a jikin gawarka, a daidai inda dodon ya kashe ka. Sai ka koma tsirara ka ɗauko su, ko ka roƙi wani ya raka ka. Wanda ya bar nasa aikin ya raka ka cikin dare ba za ka manta sunansa ba. Wasan EVE Online, na kamfanin CCP da ke Reykjavik a ƙasar Aisilan, wanda ya fito a 2003, ya kai wannan tsari maƙura. Kusan duk jiragen samaniyar da ke cikinsa 'yan wasa ne suka haƙo ma'adinansu, suka ƙera su, suka yi jigilarsu, kuma jirgin da aka tarwatsa ya tafi ke nan. A watan Janairu na 2014 wata ƙungiya ta yi sakaci da biyan kuɗin riƙe wani yanki mai suna B-R5RB, abokan gaba suka ga dama ta samu, aka gwabza yaƙi na kusan sa'a 21. Jarumai fiye da 7,500 ne suka shiga, aka ragargaza manya-manyan jiragen da ake kira Titan guda 75, waɗanda kowanne kan ci makonni ana gina shi. An ƙiyasta asarar da kusan dala 300,000 idan aka auna da farashin kuɗin wasan. Babu marubucin kamfani da ya tsara wannan yaƙi. Daga baya kamfanin ya bar tarkacen jiragen a wurin, ya zama abin ziyara.

Sai dai a nan dole a yi taka-tsantsan, don akwai masu ganin cewa ƙara wahala kullum ƙara daɗi ne. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya gwada barin kowa ya kashe kowa ya kwashe kayansa. Abin da ya biyo baya shi ne gungun 'yan fashi suka riƙa tsare bakin gari suna jiran masu haƙar ma'adinai da masu saran itace, sababbin shiga suka riƙa barin wasan. A 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu, Felucca inda ake kisa da Trammel inda ba a taɓa ka sai da yardarka, kuma mafi yawan jama'a suka kwarara Trammel. Har yau tsofaffin 'yan wasan na gardama a kan wannan mataki. Ni ina ganin ɓangarorin biyu duk sun faɗi gaskiya: tsoro ya sa duniyar ta yi rai, amma tsoron da ya faɗa kan mara ƙarfi kaɗai korarsa yake yi. Richard Bartle ya hango wannan tun 1996, lokacin da ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman ɗaukaka, masu son yawon gano wurare, masu son hira da zumunci, da masu jin daɗin fin ƙarfin wasu. Ya nuna cewa idan na ƙarshen suka yi yawa, masu zumuncin ne ke fara guduwa, kuma idan suka gudu gari ya mutu.

Wannan ya kawo mu ga mutane, inda nake ganin zuciyar maganar take. Wasannin da suka fi kama mutum su ne waɗanda aka gina su yadda ba wanda zai iya shi kaɗai. Mai sulke yana tare dukan dodo, mai warkarwa yana riƙe da ransa, masu kai sara suna aikinsu, kuma idan ɗaya ya yi gyangyaɗi duka sun hallaka. Manyan farmakin World of Warcraft na farko mutum 40 suke buƙata a lokaci ɗaya. Ka duba irin aikin da ke cikin tara mutum 40 masu mabambantan ayyuka da garuruwa, a sa musu lokaci, a raba ganima ba a yi faɗa ba. Star Wars Galaxies na 2003 ya yi wani abu da har yanzu nake ganin hikimarsa: mayaƙin da ya gaji da yaƙi sai ya je gidan shaƙatawa ya zauna gaban mawaƙi ko mai rawa kafin gajiyar ta sake shi, kuma mawaƙin ɗan wasa ne kamarsa. Makamai mafiya kyau maƙeran cikin 'yan wasa ne ke yin su. Mutum zai iya shekara bai kashe dodo ba, yana maƙeri ko likita, kuma garin na buƙatarsa. A watan Nuwamba na 2005 aka sauƙaƙa wasan, aka rage sana'o'in daga fiye da 30 zuwa 9, jama'a da yawa suka yi fushi suka tafi.

Inda ake buƙatar juna, suna yana da daraja. A duniyar da mutanenta dubu kaɗan ne kuma kullum su ne dai, wanda ya saci ganima ana saninsa, ba mai sake gayyatarsa. Wanda ya iya aikinsa ana nemansa tun kafin ya gama shigowa. Ƙungiyar 'yan wasa takan zama kamar majalisar unguwa bayan sallar isha'i: kana zuwa ko da ba ka da labari, domin an san wurin zamanka, kuma idan aka kwana biyu ba a gan ka ba za a tambaya ko lafiya. Mutane da yawa sun daɗe da gajiya da dodannin, amma suna shiga saboda ana jiransu.

Ban san labarin da ya fi na Mats Steen bayyana wannan ba. Ɗan ƙasar Norwe ne da aka haifa da ciwon shanyewar tsoka irin na Duchenne, wanda ya zaunar da shi a keken guragu, ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Iyayensa suna cikin baƙin ciki biyu, na rashinsa da na zaton cewa ya yi rayuwar kaɗaici, bai san abota ba, bai taɓa rayuwar kowa ba. Da suka sanar da rasuwarsa a intanet sai saƙonni suka fara shigowa daga ƙasashen Turai daban-daban. Ashe shekara da shekaru yana cikin wata ƙungiya mai suna Starlight a World of Warcraft, inda aka san shi da Ibelin, ƙaƙƙarfan mutum mai binciken sirri, mai gudu da ƙafafunsa, mai sauraron matsalolin mutane. Wata uwa da ɗanta mai lalurar da ke hana shi sakewa da mutane sun shaida cewa shi ya taimaka musu suka kusanci juna. Wasu daga cikin ƙungiyar sun yi tattaki har Oslo don halartar jana'izarsa. A 2024 Benjamin Ree ya fitar da fim a kan rayuwarsa, wanda ya gina a kan dubban shafukan hirar da ƙungiyar ta adana. Fim ɗin bai ɓoye cewa Mats ya yi fushi, ya ɓata wa abokai rai, ya ɓoye musu ciwonsa na tsawon lokaci ba, kuma wannan ne ya sa na ƙara gaskata labarin. Wurin da za ka iya ɓata wa mutum rai har ka koma ka nemi afuwarsa wuri ne da ake rayuwa a cikinsa.

Labarin da kamfani ya rubuta fa? Yana da nasa matsayi, amma yana da rauni guda: ana gaya maka kai ne zaɓaɓɓen da zai ceci duniya, alhali ga mutum goma a bayanka suna jiran a gaya musu haka. Abin da 'yan wasa ke tunawa bayan shekaru shi ne abin da ya faru sau ɗaya, suna wurin. A watan Agusta na 1997, lokacin gwajin Ultima Online, wanda ya ƙirƙiri wasan da kansa, Richard Garriott, ya fito a matsayin sarki Lord British zai yi wa jama'a jawabi, aka manta ba a kunna masa kariyar da ke hana shi mutuwa ba, wani ɗan wasa ya jefa masa wuta ya faɗi a gaban kowa. A farkon 2006 World of Warcraft ya sa dukan mazauna kowane kwafi na duniyar wasan su tara tagulla da fatu da bandeji da abinci na tsawon makonni kafin a buɗe ƙofofin Ahn'Qiraj, kuma sau ɗaya tak ake buɗe su. Mafi ban mamaki shi ne Final Fantasy XIV na Japan. Ya fito a 2010 bai karɓu ba, aka damƙa shi ga Naoki Yoshida ya sake gina shi. Maimakon a rufe tsohon a ɓoye, sai aka sa wani jan wata a sararin samaniyar wasan yana matsowa a hankali, har ranar 11 ga Nuwamba 2012 da 'yan wasa suka taru suna kallon ƙarshen duniyarsu. Da sabon ya fito a 2013, wannan bala'i ya zama tarihin ƙasar, kuma akwai waɗanda za su ce maka da idonsu suka gani.

Kasuwa ma na ƙara wa duniyar nauyi, har yakan tsallako waje. A 2001 masanin tattalin arziki Edward Castronova ya auna cinikin kayan EverQuest da ake yi da dala, ya ƙiyasta cewa da Norrath, ƙasar da ke cikin wasan, ƙasa ce ta gaske, da kuɗin shigar kowane mutum a cikinta ya sa ta tsakanin Rasha da Bulgeriya. CCP a 2007 ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki don ya riƙa sa ido a kan hauhawar farashi a EVE. Da tattalin arzikin Benezuwela ya durƙushe, mutane da dama a can sun koma kashe dodanni a Old School RuneScape suna sayar da zinaren wasan don su ci abinci. Amma kuɗin waje wuƙa ce mai kaifi biyu. Ranar da aka fara sayar da takobi a shagon kamfani da katin banki, takobin da ke hannun wani ya daina ba da labarin wahalar da ya sha.

Akwai wani abu da ake yawan rikitawa da nutsewa, wanda ya kamata a raba su. Kyautar da ake ba ka don kawai ka shiga yau, wadda za ka rasa idan ka tsallake kwana ɗaya. Akwatin da kake saya ba ka san abin da ke ciki ba. Agogon da ke ƙirga lokacin da garaɓasa za ta ƙare. Waɗannan ƙugiya ce, an ƙera su ne da sanin raunin ɗan Adam, kuma sun fi yawa a wasannin waya da ake cewa kyauta ne, irin waɗanda suka fi isa hannun matasanmu. Wanda duniya ta ja shi yana fita da labari a bakinsa, da sunan wani da zai ambata. Wanda ƙugiya ta kama yana fita da gajiya, gobe kuma ya koma ba tare da ya san dalili ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da larurar wasan kwamfuta cikin kundin cututtukanta, kuma ba da yawan sa'o'i ta auna ta ba. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, galibi na tsawon wata 12. Nutsewa ta gaskiya ma tana iya cin karatun yaro ko lokacin iyali, don kunyar barin mutum 39 suna jiranka nauyi ce ta gaske. Uban da ke son fahimtar ɗansa zai fi samun haske idan ya tambaye shi su wa yake wasa da su, me ya faru jiya, sannan ya ga ko yaron na da amsa.

Masu ƙera wasannin suna tsaka mai wuya, domin kowane gyara da ya rage wa duniyar nauyi 'yan wasa ne suka roƙe shi: a rage tafiya, a rage asara, a daina tilasta musu neman abokan tafiya. Kowane roƙo yana da hujja, amma idan aka amsa su duka sai a tarar da duniyar ta zama jerin maɓallai. Jagex ya ɗauki wata hanya a Old School RuneScape: manyan sababbin abubuwa sai an kai su ƙuri'ar 'yan wasa, kuma da farko sai sun samu kashi 75 cikin ɗari kafin su shiga. An sha kayar da shawarwarin kamfanin a wannan ƙuri'a, har da sababbin sana'o'in da ya so ya ƙara. Blizzard kuwa ya raba gardamar ta hanyar tafiyar da tsohon wasa da sabo a lokaci guda, kuɗin wata ɗaya na buɗe maka duka biyun, mai sa'a ɗaya da dare ya shiga mai sauƙin, mai son ya taka ƙasar da ƙafarsa ya shiga tsohon.